Na'ana'ar Sata

Ran Juma'ar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo da abokansa, suka tsaya mini a ka ina cikin sauya ƙasa a jarka. Ya miƙo mini waya har bakin hanci, wai in kalli wata mata a wata ƙasa tana yanka gorar ruwa, ta zuba ƙasa, ta soka ganye, kafin ka haɗiye yawu ganyen ya cika gorar. Ya ce, "Kawu, ashe aikin nan naka ba wani abu ba ne. Mu ma za mu fara. Ba mu ɗan reshen na'ana'a." Na ce ya ɗauke wayarsa daga fuskata. Reshe kuwa ban ba su ba, kuma ba zan bayar ba. Tunda ba ku zama ku ji magana sai tana cikin waya, ga shi na rubuta da ɗan karatun da na tsinta, ku sa a wayar ku karanta.

Sunana Arzika, amma daga nan har kasuwar Rufa'a ba mai kirana haka sai matata Hanne in ta yi fushi. Mai Gwangwani ake ce mini. Na'ana'a nake shukawa, da rihan, da jirjir, da kazbara in sanyi ya shigo, ganyayen ƙamshi da na abinci ke nan, duk a cikin abin da mutane suka yar: gwangwani, jarka, taya, fasasshen tulu. Ba don ado ba. Mu mutanen kambo ne, wato zangon 'yan ƙwadagon gona. Kakanninmu sun taso daga yamma za su Makka, suka tsaya cirar auduga, tsayuwar ke nan har yau. Ƙasar da ɗakina ke kai ba tawa ba ce. Ka shuka abu a ƙasa, ran da mai ƙasa ya tashi da ciwon kai sai ya ce ka tashi, ka tashi ka bar masa shukarka. Abin da ke cikin gwangwani kuwa, ka ɗora shi a karo, wato amalanke, jaki ya ja, gonarka ta biyo ka.

Aikin farko da Baba Nomau ya sa ni shi ne huda gindin gwangwani. Baba Nomau tsoho ne gajere, ido ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana aikin biyu. Shi ya fara wannan sana'a a wajenmu. Ubana ya kai ni wurinsa don na gaza a cirar auduga, bayana ba ya son sunkuyo. Tsohon ya ba ni ƙusa da dutse da tulin gwangwanayen madara. Na huda, na kawo. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa sama ta cikinsa, ya ce, "Wanga mi ne ne? Rariya na ce ka yi man? Tankaɗe za mu yi?" Na koma na rage huda. Ya zuba ruwa, ruwa ya tsaya cik. Ya ce, "Yanzu kau tabki ka gina. Je ka samo kifi ka sa." Haka na yi ta huda har babban yatsana ya yi baƙi da duka. Kafin ya bar ni in taɓa ganye, damina ta zo ta wuce.

Daga huda sai ɗaukar ƙasa. A nan ne duk mai koyo a waya zai fara kuka. Ƙasar Jazira, yankin nan namu, baƙa ce mai ƙarfi, auduga da dawa na sonta. Amma ka zuba ta a gwangwani ka gani. In ta jiƙa ta zama ƙullu, in ta bushe ta zama tubali, ta tsage, ta tsinke saiwa. Sai ka bari kogi ya ja baya, ka gangara da jaki ka kwaso laka mai laushi da ruwa ya bari a gaɓa, ka gauraya da yashi da tsohon kashin awaki wanda damina ta riga ta doka. Sabon kashi wuta ne, zai ƙone shuka tun ba ta san ta zo duniya ba. A gindin gwangwani kuma ka jera gutsattsarin tubali ko gawayi don kada hudar ta toshe. Baba Nomau yakan damƙi ƙasar ya buɗe hannu. In ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ya jefe ni da ita. In ta zube kamar gari, ya jefe ni da gwangwanin.

Kowane mazubi da halinsa, kamar mutane. Gwangwanin ƙarfe zafin rai gare shi. Rana ta taɓa shi ya dafa maka saiwa, sai ka shafe shi da farar ƙasa ko ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Jarkar roba tana da haƙuri, amma rana na cin ta a hankali, wata rana ka ɗaga ta ta bar maka hannunta a hannu, sauran jikin na ƙasa. Taya tana da kyau ga jirjir, sai dai kunama ma ta yarda da hakan, don haka kada ka sa hannu ciki sai ka fara sa sanda. Fasasshen tulu shi ne sarki, yana sanyaya ƙasa da kansa. Akwai lokacin da matan kambo suka daina gaya wa kowa in tulunsu ya fashe, wai da sun juya sai su gan ni a bakin ƙofa ina yi musu jaje da buhu a kafaɗa.

Akwai jarka ɗaya da ba a taɓawa, ita ce wadda aka zuba maganin feshin auduga a cikinta. Ita ce mafi kyau a ido, mai kauri, mai murfi, kuma kyauta ake samun ta a bakin gona. Na taɓa kawo wa Baba Nomau irinta ina murna, na ce na wanke da toka. Ya shinshina daga nesa ya ce, "Wanke ta da kogin ga duka, ka bi da Bahar Maliya. Abin da ka shuka ciki, cikin mutum za shi." Ya sa na binne ta bayan gari. Ku da ke yawo kuna tsintar gora, ku riƙe wannan ko kun mance sauran.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙusa, tsohon cokali na tonon ƙasa, wuƙa mai kaifi, jardal, bokitin ɗebo ruwa daga tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, da wata buta da na huda wa murfi don ruwa ya sauka kamar yayyafi. Abin da ke da yawa shi ne tashi. Shuka a ƙasa in ƙishi ya kama ta sai ta miƙa saiwa ta nemi ruwa. Shuka a gwangwani jaririya ce, in ba ka kawo ba, ba ta sha. Safe da yamma, ba da tsakar rana ba. Ba ruwanta da sallah, ba ruwanta da biki, ba ruwanta da zazzaɓinka. Ran da aka ɗaura mini aure sai da na zame daga cikin abokai na je na yi ban ruwa da sabuwar jallabiya. Hanne ba ta mance ba, ni ma ba a bar ni na mance ba.

Yanzu maganar reshen da kuka roƙa. Kazbara da jirjir da rihan iri ake shukawa, kowa ya saya a kasuwa. Kazbara ma sai ka murƙushe ƙwayar ta rabu biyu kafin ka binne, kuma ba ta son a dasa ta, inda ta tsiro nan take son mutuwa. Na'ana'a kuwa ba ta da iri a wurinmu, saiwa ce, daga hannu zuwa hannu. Ta Baba Nomau daban ce da ta kasuwa. Ganyenta ƙanana ne, karanta ya yi duhu kamar an shafa masa lalle, ka sa ganye ɗaya a shayi ya kama maka harshe har ka isa gida. Ta kasuwa ganye ne fal-fal kamar kunnen jaki, ƙamshi kuwa sai ka tambaya.

Da na ga na ƙware, na tashi in kama nawa, sai na durƙusa na ce, "Baba, a ba ni saiwa." Ya dube ni da idon nan ɗaya kamar na roƙe shi matarsa. Ya ce, "Ba a ba da na'ana'a. Wadda an ka ba ka, ka ce na gode, mutuwa takan yi. Wadda ka saya ba ta ƙamshi." Na ce to yaya ake yi? Ya ce, "Ni ina na sani? Ni za ni bayan gari. Cikina ba shi da daɗi yau, zan daɗe." Ya ɗauki butarsa ya tafi, bai waiwaya ba.

Na tsaya kamar gunki har na gane. Na sa cokali na tono saiwa da ƙasarta, na cusa a hula, na ɗora hular a ka, na kama hanya. Ban yi nisa ba sai ga tsoho ya fito daga bayan dangar kara da sanda, ba alamar ciwon ciki a jikinsa. "Ɓarawo! Ɗan banza! Na rene ka ka sace ni! Allah shi sa kar ta kama!" Ya kore ni har bakin tur'a, sandan ya same ni a kafaɗa, kuma ba da wasa ya sauke shi ba. Mata na leƙe suna dariya. Haka ake yi. Mai ita ya juya baya, kai ka sata, shi ya zage ka a gaban jama'a. In ta kama, ka yanki damin farko ka kai masa, ka ajiye ba magana, sannan ya ce ya yafe. Shi ma haka ya samo ta wurin wani tsoho a Rusairis, har da tabo a ƙafa da yake nunawa.

Limaminmu ya ce wannan camfi ne, kuma gaskiyarsa, shi ya yi karatu. Ya taɓa zuwa da kansa ya ce in ba shi saiwa a gaban mutane don a kashe maganar. Na ba shi, ya yi godiya mai tsawo har da addu'a. Kafin wata ya mutu ta bushe. Ya ce awaki ne. Watakila abin da mutum ya sha sanda a kansa ba ya mance ba shi ruwa, watakila kuma wani abu ne daban. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani, ta sata ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba sai shekara ɗaya, kuma zan zo kanta.

Masu saye kala-kala ne. Akwai masu dafa wake da safe, su jirjir suke so. Akwai matan biki, masu zuwa da azahar su ce a yanke musu gonar duka kafin la'asar. Akwai matan ma'aikata masu sayen tukunya ɗungurungum don su ajiye a baranda, su kashe ta da yawan ruwa, su dawo su ce na sayar musu da marar lafiya. Amma gindin sana'ar nan matan shayi ne, masu zama ƙarƙashin itace da murhun gawayi da 'yan kujeru. Mai shayi ba ta duba dami, shinshinawa take yi. In rana ta taɓa shi a hanya ta sani. Don haka ake yanka da asuba, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu, a isa kasuwa kafin inuwa ta gajarce.

A cikinsu akwai Kulu, ɗiyar kawuna, taubashiyata. Tun muna yara ba ta taɓa kirana da sunan kirki ba, ni ma ban bar ta da bashi ba. Tana da wurin zama ƙarƙashin wani itacen dogon yaro a kasuwar Rufa'a, kusa da mahauta. Ita ce babbar mai sayena, har ran da na kawo jarka guda da shukarta don wata matar ma'aikaci. Na sunkuya ina ɗaure jaki, na ɗago, sai na ga rami a jarkar, Kulu kuma tana gyara mayafi tana kallon sama kamar mai duban wata. Na zage ta iyakar ƙarfina, kamar yadda al'ada ta ce, sai dai ni har zuciyata nake zagin. Tun daga ranar ta daina sayen na'ana'a a wurina. Damin farko ma ba ta kawo ba, shayi ta miƙo mini, mai sanyi, ta ce in rage zafi. Na ce na yafe don dai kada in mutu da abu a wuya.

Sai shekarar da bindiga ta shigo mana. Ba zan ba ku labarinta ba, kuna nan, kun gani. Nawa dai na gwangwani ne. Ni da nake cika baki cewa gonata tana da ƙafa, ranar da aka ce a tashi ba jakin, an kore shi tun da safe. Motar kaya muka samu za ta kudu. Na zo da jarkar na'ana'a a ka. Direba ya ce da Larabcinsu, "Ya zol, mutane nake ɗauka, ba daji ba." Hanne ta ce in zaɓa, ko jarkar ko buhun dawa. Na tono saiwa na sa a ƙaramin gwangwanin tumatir, na rungume a cinya.

Hanyar da ake yi a yini, kwana da kwanaki muka yi a kanta, ana zagaye. Duk inda aka tsaya aka ɗora shayi sai hannaye su miƙo. Wannan ya ce ganye ɗaya don Allah, wancan ya ce tsohuwarsa na amai. Ba ka hana mutum ganye a irin wannan hanya. Ruwan da ake raba mana kuma, in ka zuba wa gwangwani ga yaro na kallonka, ba ka sake zubawa. Kafin mu shiga Damazin abin da ke cinyata tsinke ne a busasshiyar ƙasa. Na dasa, na yi ta ban ruwa kamar mahaukaci, ba ta tashi ba. A can dako na yi a tasha, bayan nan da ba ya son sunkuyo ya koyi sunkuyo da tsufansa. Na gwada na'ana'ar can, kunnen jaki ce.

Da aka ce a koma, muka koma. Jarkoki masu kyau an kwashe, tayoyi an ƙone, tulunan suna nan cike da ƙasa mai tauri kamar dutse. Na bi su ɗaya-ɗaya da cokali ina tono ko saiwa ɗaya ta ɓuya. Babu. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, ba shi da wani almajirin sana'a sai ni. Jirjir da rihan na sake shukawa, suka fito, amma da su kaɗai ni mai ganye ne kamar kowa. Mai shayi ba ta jiran kowa saboda jirjir.

Ran nan na kai jirjir Rufa'a, sai ga Kulu a ƙarƙashin itacenta, ta rame amma bakin na nan yadda yake. Ta ce, "Kai, ba ka mutu ba? Wallahi har na ci sadakarka a raina." Na ce ni ma na ji an ce kura ta ɗauke ta ta dawo da ita. Ta zuba mini shayi. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye kofin. Harshena ya kama. Na duba ƙarƙashin bencinta, sai ga wata tsohuwar butar shayi marar hanci, cike da na'ana'a mai duhun kara, ta yi tsaye kamar ba a yi komai a duniya ba.

Ta ce, "Sha shayinka, idonka zai faɗa ciki."

Na ce, "Ina kika kai ta?"

Ta ce, "Inda na je. A mayafi na ƙulle ta. Ni duk inda na sauka shayi nake dafawa, ruwan ɗaurayar kofi kuma ba mai roƙonsa. Shi ta sha. Taka fa, Mai Gwangwani? Babban malami?"

Na kau da kai ina juya kofin. Ta dube ni, ta gane, sai fuskarta ta cika da mugunta irin ta taubasai. Ta sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ta ce, "Ayya, ɗan gwaggo. Ka ga halin da ake ciki, jini ɗaya muke. Bari kawai in ba k..."

Na toshe kunnuwa da yatsu na kama salati da ƙarfi. Masu shan shayi suka juyo. Na tashi na bar wurin ina salati har na wuce mahauta. Don in kalmar nan ta fita daga bakinta ta shiga kunnena, shi ke nan, ta zama kyauta, kuma duk ƙasar nan babu wata saiwar sai wadda ke cikin butar nan.

Haka muka yi ta yi kasuwa bayan kasuwa. In zo in zauna, ta matse butar tsakanin ƙafafunta. Da ta ga na shagala sai ta ce, "Af, ɗan gwaggo, na tuna, wannan ganyen da kake so, ai na b..." in zabura da salati. Masu zama wurin suka fara cewa gudun hijira ya taɓa mini kai. Wani ma ya kawo mini rubutu in sha. Hanne ta ce, "Arzika, mutum da furfurarsa. Karɓi abinka ka ce na gode, in ta mutu ta mutu." Na ce ita ba ta san aiki ba. Ta ce ta san aikin da aka yi da sabuwar jallabiya.

Ran da Kulu ta ƙoshi da wasa, ina zaune sai ta kakkaɓe zani ta miƙe. Ta ce, "Halas, gawayi ya ƙare. Za ni in sayo. Mai gawayin nan surutu gare shi, zan daɗe." Buhun gawayi na jingine a bayanta, cike har baki. Ta tafi ba ta waiwaya ba. Na durƙusa, na zaro cokalina daga aljihu, don kullum da shi nake zuwa, na tono saiwa, na cusa a hula, na ɗora a ka, na kama hanya.

Sai ta ɗaga murya. Kulu murya gare ta, da ita take kiran masu shan shayi daga tsallaken titi. "Ɓarawo! Harami! Ku gan shi nan! Allah ya sa kar ta kama!"

Abin da ni da ita muka mance, kasuwar ba ta da ba ce. Kowa a wurin an kwashe masa wani abu, wani ƙofa, wani katifa, wani akuya, kuma bai kama kowa ba. Ga shi yau an nuna masa ɓarawo da yatsa. Kafin in yi taku nawa wani mahauci ya damƙi wuyan rigata. Wani ya fizge hular, ƙasa ta zubo mini a fuska, na cafke saiwar a hannu na dunƙule. Aka kewaye ni. Na ga sanduna, na ga wani da bel. Yawancinsu ba mutanenmu ba ne, ba su san wani Baba Nomau ba.

Kulu ta taho da gudu, mayafi na jan ƙasa, dariyar ta ɓace. Mahaucin ya tambaye ta da Larabci, "Hajja, faɗi gaskiya. Ke kika ba shi, ko sata ya yi?"

Na ga bakinta ya buɗe, na san abin da zai fito. Na ce da Hausa, "Kulu, in kika faɗa, ba ni ba ke har lahira." Sannan na juya na faɗa musu da yaren da suke ji, da ƙarfi, "Sata na yi! Ban roƙa ba, ba ta ba ni ba!"

Mari ya sauka a kunnena na hagu, har yau yana kuka in sanyi ya yi. Wani ya ɗaga sanda. Sai Kulu ta kutsa tsakiya ta ture mahaucin, ta cire takalminta. Ta ce, "Ɓarawo ne, tun yana yaro haka yake! Amma ɗan gwaggona ne. Ɓarawon gidanmu ne, ba na kasuwa ba. Wanda ya sake taɓa shi ya taɓa ni. Ni ke dukansa!" Ta rufe ni da takalmi, ka, kafaɗa, baya, tana zagina da Hausa da Larabci, tana tono abin da na yi tun ina tsiraici. Wani ya ce me ya sata ne wai? Aka ce ganyen shayi. Sai aka fashe da dariya, sanduna suka sauka, aka buɗe mana hanya. Ta kore ni da takalmi har bayan kasuwa inda ake ɗaure jakuna.

A nan ta tsaya tana haki. Ta ce a hankali, "Tana hannunka?"

Na buɗe hannu. Tana nan, ta ɗan murje.

Ta ce, "To gudu, tsinanne, kafin ta bushe." Ta ƙara mini ɗaya a ƙeya, wannan kuwa na tsohuwar gaba ne.

Na dasa ta a fasasshen tulu, na ajiye ƙarƙashin randar ruwan sha inda take ɗiga. Ta kwanta kamar ta mutu, sannan ta ɗago. Da ta cika tulun na raba saiwar, don na'ana'a in ba ka raba ta ba shaƙe kanta take yi. Damin farko na naɗe a jiƙaƙƙen buhu na kai Rufa'a, na ajiye a bencin Kulu ban ce uffan ba. Ta shinshina ta ce, "Ba ta kai tawa ba." Ta jefa a shayin mahaucin nan da ya shaƙe ni, ya sha ya ce wannan daga ina? Ta ce daga wurin wani ɓarawo. Sannan ta ce ta yafe, ba ta ko dube ni ba.

To kun ji abin da kuka zo kuna roƙo da waya a hannu. Matar da ke cikin wayar ba ta nuna muku kunnena na hagu ba. In da gaske kuke, akwai tulin gwangwani bayan ɗakina, ga ƙusa, ga dutse, ku fara da huda, in ga ko rariya za ku yi mini ko tabki. Saiwa kuwa kada wanda ya sake tambayata. Ba na bayarwa.

Ranar kasuwa dai da asuba nake fita, ba na dawowa sai bayan azahar, Hanne kuma ba ta gani in ta ga dama. Uwar saiwar tana cikin tulun da ke ƙarƙashin randa. Sandan Baba Nomau yana wurina, na gaje shi, kuma ni idona biyu ne.